Kaset da Muryar Marigayi

Duk unguwar, Kaset ake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci, kuma shi kansa ya daɗe da daina waiwayawa idan aka kira sunansa na gaskiya, don zato yake da wani ake. Siriri ne mai dogon wuya, ya haura arba'in, maƙogwaronsa a turo kamar ya haɗiyi wani abu ya tsaya a hanya. In ka tambaye shi sana'arsa sai ya yi dariya ya ce babu wadda bai taɓa ba, kuma babu wadda ba ta kore shi ba. Ya sayar da katin waya, ya yi kwandasta, ya yi gadin wani sito har zuwa ranar da aka kwashe siton da rana tsaka yana ciki yana barci. Abu ɗaya Allah ya ba shi wanda bai ba kowa ba a garin: in ya gyara murya ya buɗe baki, Marigayi ne yake magana.

Marigayi kuwa ba sai an faɗi sunansa ba. Mutane sun mutu da yawa a garin, amma in aka ce Marigayi aka yi shiru, to shi ake nufi, shugaban da ya riƙe garin a zamanin iyayenmu, ya kawo famfo da asibiti, ya mutu a gidan haya. Abin da aka fi tuna shi da shi, magana ɗaya gare shi. In ya ce e, ko za a yanka shi e ce. Yana raye mutane da yawa sun sha zaginsa saboda wannan taurin kai, amma tun da ƙasa ta rufe idonsa kowa ya zama magajinsa.

Baban Kaset mai gyaran rediyo ne. Shagonsa a jikin gidan yake, ɗaki guda mai warin dalma da ƙonanniyar waya, kanta cike da kayan mutane har rufi, ga hoton Marigayi a saman teburin aiki. Yana da wata ƙa'ida da ba ya karyawa: duk rakodar da ya gyara, ba ya miƙa wa mai ita sai ya gwada ta da kaset ɗaya tak, na jawabin da Marigayi ya yi ranar buɗe famfo. Ba waƙa, ba komai. A cewarsa rakodar da ta fito da muryar Marigayi daidai ta gyaru, wadda ta shaƙe shi kuwa da sauran aiki. Mai kaya ko yana sauri sai ya tsaya ya ji jawabin har ƙarshe, in ya nuna gajiya a ce ya dawo gobe.

A ƙarƙashin wannan tebur yaron ya yi rarrafe, a nan ya yi wayo. Kafin ya iya karatun sunansa ya haddace jawabin, da gyaran muryar farko, da tarin da Marigayi ya yi a tsakiya. Har wani wuri da wata rakoda ta taɓa taune zaren, inda muryar take rawa daidai kan "ruwan nan naku ne", shi ma ya haddace shi da rawarsa, don bai san lalacewa ba ce. A makaranta aka laƙaba masa sunan Kaset. Amma ko da wasa bai taɓa kwaikwayon muryar a gaban Baba ba, don a gidan nan Marigayi ba abin wasa ba ne, bulala ce. In ya makara, Marigayi bai taɓa makara ba. In ya faɗi jarrabawa, Marigayi a shekarunsa shi yake karanta wa manya wasiƙa. Kaset yakan ce da wani yaro aka haɗa shi gasa da ya yi ƙoƙari, amma an haɗa shi da mutumin da ya riga ya mutu, wanda ba zai ƙara yin kuskure ba har abada. Yana faɗa yana dariya. Gaskiyar magana kuwa abin yana ci masa rai, don tun da ya zo duniya bai taɓa jin bakin Baba ya ce masa ya kyauta ba.

Zamani ya juya, rakoda ta ɓace, kowa ya koma waya. Idon Baba ya tafi a hankali, hankalinsa ma ya fara zuwa yana komawa: wata rana ya san kowa, wata rana ya tambayi ko an zo karɓar rediyon wani da ya rasu tun tuni. Kaset ɗin jawabin ya tsinke. Aka daina aiki a shagon amma ba a kwashe komai ba, sai aka shigar da gadon tsohon ciki, don nan kaɗai yake samun barci. Gidan kuwa keken ɗinkin matar Kaset ne yake riƙe da shi. Kaset ma yana da nasa aikin, in ji shi, shi yake zura mata zare a allura kuma shi yake kai ɗinki gidajen mutane, saboda haka kamfanin na mutum biyu ne.

Ana haka zaɓe ya matso. Jam'iyyu biyu ne suke da ƙarfi a garin, masu alamar Bokiti da masu alamar Tocila, kuma kowacce ta wayi gari ita ce ɗiyar Marigayi ta cikinsa. A allunan talla hotonsa ya fi na ɗan takara girma, sai ka matsa kusa kake ganin ɗan takarar a gefe yana leƙe. Bokiti suka ce ai ruwa ya kawo, saboda haka nasu ne. Tocila suka ce ai haske ya kawo wa kawunan mutane. Ɗan takarar Bokiti, da idonsa lafiya lau, ya sayi tabarau irin na Marigayi ya dinga tuntuɓe a kan dandamali.

Sakataren Bokiti ne ya gano Kaset, a teburin mai shayi, yana yi wa mai shayin faɗa da muryar Marigayi a kan ƙarancin sukari. Mutumin ya ajiye kofinsa, ya bari aka gama dariya, ya ja shi gefe. Washegari suka shiga ɗakin bayan shagon da ake tura wa mutane waƙoƙi a waya. Aka jingina katifa a ƙofa don kar ƙarar titi ta shigo, mai shagon ya tsaya kusa da makirufo yana murza leda a hankali, don sautin ya yi shuu irin na tsohon kaset. Aka miƙa wa Kaset abin da zai faɗa. Ya karanta, ya ce da sakataren akwai matsala, ai lokacin da Marigayi ya rasu ɗan takarar nan ko tafiya bai fara ba.

"Shi ya sa za ka ce yana rarrafe," in ji sakataren.

Haka kuwa aka yi. Marigayi ya gyara murya, ya yi tarinsa, ya shaida wa jama'a cewa akwai wani yaro da yake rarrafe yanzu a wani gida, wata rana zai taso da bokiti a hannunsa, in ya taso a bi shi, don ruwan nan naku ne. Kaset ya kafa sharaɗi ɗaya kafin ya karɓi abin da aka ba shi: motar lasifika kar ta kuskura ta shiga layinsu. Sakataren ya dafa ƙirji ya yi alkawari. Aka sanar wa gari cewa an tsinci wani tsohon kaset a cikin akwatin wata tsohuwa.

Abin da ya biyo baya bai kamata mu ba da labarinsa da ɗaga kai ba. Motar ta zaga kasuwa da tasha da bakin asibiti, tsofaffi suka tsaya cak a titi, mata suka saki abin da suke yi. In aka zo wurin da muryar take rawa sai ka ga ana share hawaye, ana cewa Allah sarki, ji yadda tausayinmu ya karya masa murya. Ba wanda ya san haƙoran wata tsohuwar rakoda yake yi wa kuka. Har mu da muke shan shayi da Kaset kullum, muka san ko tarin nan na waye, sai da muka ji tsigar jikinmu ta tashi. Kaset kansa ya tsaya a bakin kasuwa ya saurara, ya dawo gida ya ce wa matarsa wallahi saura kaɗan ya yanke shawarar zaɓen yaron nan mai rarrafe.

Shugaban kamfen na Tocila ji ɗaya ya yi ya gane, don ajinsu ɗaya da Kaset a firamare. Da ya zo gidan, Kaset ya ɗauka asirinsa za a tona, har ya fara neman takalmi. Ashe ba haka ba ne. Mutumin ya zauna, ya gaida iyali, ya ce shi bai zo rigima ba, amma Marigayi mutum ne mai adalci, tunda ya fara magana bai kamata ya yi wa ɓangare ɗaya ba. Kaset ya juya maganar ya ga tana da ma'ana. Aka koma ɗakin katifa da leda, aka tsinci kaset na biyu, wannan karon a cikin rufin wani tsohon ofis. A ciki Marigayi ya gargaɗi jama'a da su yi hattara da masu yawo da bokiti, don mutum ba ya ɗaukar bokiti sai in akwai abin da ya zo kwasa.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Bokiti suka dawo neman raddi, Tocila suka dawo neman raddin raddi, aka yi ta tsintar kaset a garin kamar Marigayi bai yi aikin komai ba a rayuwarsa sai ɓoye su. Kaset ya yi sabon takalmi, ya sayo fanka ya kafa a ɗakin Baba, ya fara cewa yara su rage surutu yana hutar da maƙogwaro. Matarsa ta ce masa abin nan ba ya yi mata daɗi, ya ce ai shi ɗan ba-ruwana ne, duk ƙasar babu wanda ya kai shi riƙe tsakiya. Ta dube shi ta saman keken ta ce, "Baban yara, mutumin nan ya kwanta da mutuncinsa, kai ka tashe shi kana yawo da shi a saman mota." Ya ce ai Marigayi bai taɓa samun motar kansa ba, yanzu ga shi da biyu.

Sai ɗan takarar Bokiti ya sa aka juye tifa-tifa na tsakuwa a babban titi, don a ga alamar zai gyara shi. Ba a gyara ba, amma titin ya toshe, duk wata mota ta koma bi ta layin su Kaset. Alkawarin sakatare ya bi ruwa.

Da hantsi motar Bokiti ta fara shigowa. Baba yana zaune a bakin gado, matar Kaset tana lallaɓa shi ya ci abinci. Da ya ji gyaran muryar nan sai ya ɗaga hannu a yi shiru. Ya miƙe tsaye da kansa, abin da ya kwana biyu bai yi ba, ya tsaya ƙyam har motar ta wuce. Sannan ya ce a ba shi hularsa da rigarsa mai kyau, Marigayi yana gari. Ranar ya cinye abincinsa tas, ya kira jikokinsa da sunayensu ba kuskure, ya ba su labarin buɗe famfo. Kaset yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo, daɗi ya cika shi har wuya. Ba a yabe shi ba, amma dai shi ya tashi tsohon nan tsaye, ko da a ɓoye ne.

Da la'asar motar Tocila ta shigo.

Baba ya sake miƙewa, da hularsa. Ya saurara. Murmushin ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai tafi ba. Da motar ta wuce ya tambayi surukarsa ko ba ɗazu Marigayi ya ce a bi mai bokiti ba. Ta ce wataƙila bai ji da kyau ba. Ya ce shi idonsa ne ya mutu, ba kunnensa ba.

Haka aka yi ta yi kullum, da safe a bi mai bokiti, da yamma mai bokiti ɓarawo ne. Tsohon da yake manta ko ya ci abinci, wannan bai manta ba, kullum yana ajiye maganar safe ya jira ta yamma ya gwada su. Ya daina miƙewa. Ya daina neman hula. Abinci ya koma cokali biyu a ture kwano. Wata safiya ya ce wa surukarsa ta sauke hoton da yake saman teburi. Ta ce Baba ai ba ka ganinsa. Ya ce ya san inda yake, kuma yana jin sa a kansa. Ta sauke, ya sa ta kife shi a ƙarƙashin gado. Ya kwanta ya juya wa ƙofa baya, ya ce a hankali, kamar da bango yake, ashe shi ma an saye shi.

Nan dariyar Kaset ta ƙare. Tsohon nan ya rasa ido, ya rasa sana'a, ya rasa matarsa da yawancin abokansa, abin da ya rage masa a duniya shi ne ya taɓa sanin mutum ɗaya da ba a saye, kuma ɗansa ne ya karɓe wannan ɗin ya musanya da takalmi da fanka. Ya je wurin sakatare ya roƙa a daina sa muryar, aka ce masa kaset ɗin tarihi ne, ba na wani mutum ɗaya ba ne. Tocila suka ce in Bokiti sun daina su ma za su duba.

Ya dawo ya durƙusa a gaban gadon ya ce Baba, muryar nan ba ta Marigayi ba ce, kwaikwayo ne. Baba ya ce shekara nawa yana gwada rakoda da muryar nan, yaro ba zai koya masa ita ba, har rawar da take yi ya ji. Kaset ya ce shi ne yake yi. Tsohon ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba, ya ce to yi mu ji. Kaset ya gyara zama, ya dubi fuskar nan da ya yi shekara arba'in yana tsoro, ya buɗe baki. Abin da ya fito ko shi bai san na waye ba, wata 'yar siririyar ƙara ce kamar an taka ƙyanwa. Mutumin da ya sa rabin gari kuka ya kasa haɗa kalma uku. Baba ya ce tashi ka ba ni wuri, ko ƙarya ba ka iya ba. Zuwa azahar ma ya manta an yi maganar.

Matar Kaset ce ta kawo shawara. Ta ce tunda fuskar Baba ce take ɗaure masa harshe, ya zaga ta bayan taga inda ba zai gan shi ba, ya bar Marigayi ya wanke kansa da bakinsa. Kaset ya ga wannan ita ce dabara. Ya wuni yana shirya abin da zai faɗa, karo na farko ba wanda ya rubuta masa kuma ba wanda zai biya shi. Da rana ta yi sanyi ya zaga lungun bayan shagon, ya tsaya ƙafa ɗaya a kan bulo ɗaya a gefen kwata, da sabon takalminsa, ya kafa baki a jikin ragar tagar. Ya gyara murya. Ta zo cif, har ta fi ta ɗakin katifa.

Marigayi ya yi sallama, ya kira mai gyaran rediyo da sana'arsa, ya ce ya ji an ce ya yi fushi da shi. Ya ce muryar da take yawo a mota ba tasa ba ce, wasu marasa kunya ne suka ara, shi bai san mai bokiti ba bai san mai tocila ba, yana nan a kan maganarsa ɗaya kamar yadda ya bar ta. Kaset yana faɗa hawaye yana zubo masa, don bai taɓa yin jawabin da ya kai wannan ba.

Kaset ya kasa kunne. Sai ƙarar gado, tsohon ya tashi zaune.

"Ranka ya daɗe, na ji ka," in ji Baba. "Da safe ka faɗi ɗaya, da yamma ka faɗi wata, yanzu ka zagayo bayan tagata da ta uku. Ni na tsufa, ba ni da kunnen ta huɗu."

Kaset ya buɗe baki zai sa Marigayi ya rantse, tsohon ya riga shi.

"Tsaya, ban gama ba. Ina da ɗa. Tun yana ƙarami nake dukansa da sunanka, ban taɓa ce masa ya kyauta ba, don kullum kai nake gani a gabansa. Ba shi da sana'a, ba shi da wayo, matarsa ce take ciyar da mu. Amma yaron nan bai taɓa sayar da bakinsa ba. Yau ina faɗa a gabanka, ya fi ka. Ka tafi, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Sannan ya ɗaga murya ya ce da surukarsa ta kira masa mijinta.

Kaset ya daɗe a lungun, har ƙafarsa ta zame daga kan bulon bai ji ba. Maganar da ya yi rayuwarsa duka yana jira ke nan, ta zo cikakkiya, da shaida, kuma babu ko kalma ɗaya a cikinta da zai iya ɗauka. Ya ji matarsa tana kiransa daga tsakar gida, a hankali, da sunansa na gaskiya. Ya goge fuska da hannun riga, ya zagayo, ya cire takalmin a bakin ƙofa ya shiga ya durƙusa.

Baba ya laluba ya kamo kansa da hannu biyu, ya riƙe, ya ce Allah ya yi maka albarka, ɗana. Matar tana tsaye a bakin ƙofa ta kau da kai. Tsohon bai saki ba, yana jiran a amsa. Kaset ya sunkuyar da kai cikin tafukan nan, ya ce amin da ƙaramar muryarsa, ita kaɗai ta rage masa.